Shaida Ta Biyu

Shekara huɗu ma'aikatan ofishin suna shiga kwamfuta da yatsa. Ka danna, ta gane ka, ta buɗe. Abin ya yi sauƙi har ya fara damun hukuma. Aka kafa kwamiti, ya zauna sau tara, ya yanke cewa a koma kalmar sirri, a kuma ƙara mata shaida ta biyu.

Baba Fayil, wanda ya shekara goma sha tara a ɗakin takardu ba tare da ƙarin girma ba, bai tsorata da kalmar sirri ba. Ya haɗa babban harafi da ƙarami da alamar tambaya, ya rubuta a takarda, ya manna a goshin kwamfutar don kada ta ɓata. Da fom ya nemi lambar wayar shaida ta biyu, bai yi wata-wata ba. A duk takardar da ta taɓa bi ta hannunsa, shaida mutum ne mai hankali wanda ya san ka. Ya rubuta lambar matarsa.

Sabon tsarin ya fara aiki ranar Litinin. A ranar ce kuma, ƙarfe sha biyu, za a rufe shafin da masu neman ƙarin girma ke tabbatar da sunansu. Wanda ya rasa sai bayan shekara uku, shi kuwa saura masa biyu ya yi ritaya.

Ya shigar da kalmar sirri. Kwamfuta ta ce ta aika lamba shida zuwa wayar shaida, kuma lambar za ta mutu bayan minti ɗaya. Nan ya tuna shaidar tasa kwana uku ke nan ba ta yi masa magana ba.

Matarsa tela ce. Ta ɗinka masa wando, ya gwada a gaban ƙanwarta, ya ce ƙafar wandon ta hagu ta fi ta dama tsawo, har ya tambaya ko ɗakin ne ya karkata lokacin awo. Ƙanwar ta yi dariya. Tun daga nan ake ajiye masa abinci kamar yadda ake ajiye wasiƙa.

Ya tafi wurin Injiniya, matar da ke kula da kwamfutocin ofishin.

"Baba, shaidar nan waya ce, ba mutum ba."

"To a canza."

"Ana canzawa. Kwana uku na aiki. Kuma sai an aika lamba zuwa tsohuwar wayar, ta amince."

Sha ɗaya da rabi ya koma teburinsa ya kira gida. Abokan aikinsa huɗu suka duƙufa kan takardu da irin himmar da ba a taɓa ganinsu da ita ba.

"Wa ke magana?" in ji matarsa.

"Ni ne, Maman Auta. An turo miki wata lamba."

"Na gani. Saƙon ya ce kada in ba kowa, ko da ya ce ya san ni."

"Ai ni ba kowa ba ne."

"Haka saƙon ya ce za su ce."

Lambar farkon dai tuni ta mutu. Ya nemi wata. Injiniya ta leƙo ta shaida masa a hankali cewa idan ta uku ta mutu, kwamfutar za ta kulle sai gobe.

"Bari in tabbatar," in ji matarsa. "Mijina ya san jikinsa. Tsakanin wandon nan da ƙafarka, wa ke da laifi?"

Baba Fayil ya dubi agogon bango, ya rufe baki da tafin hannu. "Ƙafata."

"Layin ba kyau."

"Ƙafata ta hagu ta fi tsawo."

"Tun yaushe?"

"Tun ina yaro."

Ɗaya daga cikin abokan aikin ya sunkuya ƙarƙashin tebur, wai biro yake nema.

"Madalla. Amma lambar ta mutu. Turo wata, ga ƙanwata nan ta shigo, ka maimaita mata."

Ya nemi ta uku. Ya maimaita wa ƙanwar, har ya ƙara da cewa likita ya taɓa faɗa masa. Matarsa ta karanto lambar ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai ƙirga maɓallai. Kwamfuta ta buɗe. Ya tabbatar da sunansa saura minti shida.

Da yamma Injiniya ta kawo masa fom ɗin canza waya, ta tuna masa cewa kafin a canza, kowace safiya kwamfutar za ta nemi sabuwar lamba. Ya kai fom ɗin gida. Matarsa ta karanta shi gaba da baya, ta ce za ta kafa kwamiti.

Washegari Baba Fayil ya shigo ofis cikin sabon wando, yana ɗan ɗingishi ta dama. A rahoton ƙarshen wata, kwamitin ya rubuta cewa tsaro ya inganta ƙwarai, domin ba a taɓa tantance ma'aikaci kamar yadda ake yi yanzu ba.