Bitar Riƙe Malamai

Firinsifal yana fama da allurar da zai maƙala katin sunansa a ƙirji sai wayarsa ta fara rawa a aljihu. Mataimakiyarsa ce. Ya fita daga ɗakin taron otal ɗin, ya tsaya kusa da wata fulawar roba da ƙura ta mayar ruwan toka.

"Yallaɓai, malamin lissafi ya kawo takarda."

"Takardar me?"

"Ta ajiye aiki. Ya ce yau ce ranarsa ta ƙarshe."

"Ki ce masa ina bita."

"Na faɗa masa. Ya tambayi ta mece ce, na ce ta yadda ake riƙe malamai ce."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce Allah ya ba da sa'a."

Firinsifal ya kashe wayar. Wannan shi ne malami na biyar cikin shekara biyu, amma sauran huɗun an iya raba darussansu. Lissafi kuwa mutum ɗaya ne a makarantar gaba ɗaya, kuma saura mako bakwai 'yan ajin ƙarshe su zauna jarrabawa. Ya ɗan tsaya yana tunani, sannan ya koma ciki, domin an fara raba jaka.

Shugabannin makarantu arba'in ne, shida-shida ko bakwai-bakwai a kowane teburi. Da mai horarwar ta ɗauki makirufo ta ce, "Ana ji na a baya?" sai ya ji muryar kafin ya gane fuskar. Malamar kimiyyarsa ce. Shekara huɗu da suka wuce ta bar makarantarsa a tsakiyar zango. Yanzu ta sa tabarau, tana da mai danna mata kwamfuta. Idonta ya bi ta kansa, ta gyaɗa masa kai daidai yadda ta gyaɗa wa na kusa da shi.

Bayan an gama gabatar da juna, aka ba kowane teburi takarda mai shafi ɗaya. Labarin wani shugaban makaranta ne da ba a faɗi sunansa ba. Wata malama ta zo ofishinsa sau uku, kullum yana ce mata ta dawo anjima. An ba ta ajin da ke jikin ɗakin janareta. Ranar taron iyaye ya gabatar da ita da sunan wata. A ƙarshe ta tafi. A ƙasan takardar an rubuta: Ku fito da kurakuran wannan shugaba.

Firinsifal ya karanta sau biyu. Makarantarsa ce. Ajin da ke jikin janareta, ajin 2B ne, har yau tagarsa ba ta rufuwa.

 Kowa a teburin ya sunkuya yana duba bironsa. Wata dattijuwa mai makarantar 'yan mata ce ta fara magana.

"Ƙanena, kai ne mai rubutu mai kyau. Kai za ka rubuta, kai kuma za ka tashi ka faɗa."

"Yaya, ni maƙogwarona..."

"Ga ruwa nan."

Da aka zo kan teburinsu ya miƙe, ya jero kurakuran ɗaya bayan ɗaya da muryar da yake karanta sanarwa a asambuli. Shugaban nan ba ya sauraro. Ba ya zagaya azuzuwa. Bai san sunan malamansa ba. Da ya zo ƙarshen abin da suka rubuta, bakinsa bai tsaya ba.

"Sannan da ta kawo takardar barin aiki, a baranda ya karɓa. Ya ɗora ta a bango ya sa hannu a tsaye. Abin da kawai ya ce mata shi ne ta mayar da makullin kabad."

Mai horarwar ta duba takardar hannunta.

"Wannan ba ya ciki, yallaɓai."

"Irinsu haka suke yi," in ji shi.

Aka tafa masa sosai. Wani daga baya ya ce wannan shugaba bai cancanci ko gadin ƙofa ba.

Lokacin shan shayi ya same ta a gefen teburin kofuna tana motsa sukari.

"Malama, da ko maganar janaretan kin canza."

"Wace magana?"

"Labarin. A gaban mutum arba'in."

Ta ajiye cokali, ta jawo wani littafi mai kauri daga jakarta, ta buɗe shafi na goma sha huɗu. Labarin ne, kalma da kalma.

"Haka ya zo mana a littafin. Waɗanda suka rubuta shi ko ƙasar nan ba su taɓa zuwa ba. Duk inda na karanta shi sai wani ya biyo ni wurin shayi. Yau kai ne na uku. Dattijuwar teburinku ta riga ka, har ta ce in yafe mata, ni ban taɓa ganinta ba." Ta rufe littafin. "Maganar makullin kabad dai, wannan taka ce."

Ya kurɓi shayin. Ba sukari.

"Me ya sa kika tafi?"

"Shekara huɗu fa, yallaɓai."

"Na sani."

"Ranar ina da amsa. Tun a mota na shirya ta, har na maimaita a bakin get. Idan ka ce kaza, in ce kaza. Ba ka tambaya ba, sai na ba ka makulli." Ta duba agogo. "Za mu koma. Yanzu wasan jefa ƙwallo za a yi, kowa ya cafe ya faɗi abin da yake so game da malamansa."

Bai koma ba. A bakin ƙofa wani jami'i mai rajista ya tare shi.

"Ranka ya daɗe, wanda ya fita kafin ƙarfe huɗu ba shi da takardar shaida."

"Shaidar me?"

Jami'in ya duba samfurin da ke kan teburinsa. "Cewa ka ƙware wajen riƙe malamai."

"Ajiye min ita."

Mota biyu ya shiga. Ta biyun ta tsaya shan mai, fasinjoji suka yi ta faɗa da kwandasta. Sai da ya sauka ya lura katin sunansa yana nan a ƙirji, a karkace.

Ya samu malamin lissafi shi kaɗai a ɗakin malamai, ƙarƙashin fankar da ke juyawa ba iska. Dogon mutum ne mai ƙarancin magana, yara suna ce masa Malam Saura Nawa. Yana jera littattafansa a kwalin sabulu, manya a ƙasa.

"Yallaɓai, har an tashi?"

"Ni na tashi."

"Me aka koya muku?"

Firinsifal ya jawo kujera ya zauna. "An ce in tambaye ka."

"Me?"

"Dalili."

Malamin ya riƙe wani littafi a hannu, ya daɗe yana kallon bangonsa. Sannan shi ma ya zauna.

"Shekarata tara a nan. An canza manhaja sau biyu. Sabbin babukan nan da nake koya wa 'yan ajin ƙarshe, ƙanwata da ke jami'a ce take koya min a waya. Yarinyar da ni na koya wa ƙirga. Idan na yi kuskure har tsaki take yi min, ta ce yaya, sake dubawa. Sau shida ana aiko takardar gayyatar malaman lissafi horo, ina ganinsu a allon sanarwa. Wa ya je?"

Firinsifal ne ya je duka shidan. Jakunkunan da aka raba a can suna gida. Uwargidansa tana zuba safar yara a biyu, ɗaya kuma surukarsa ta tafi da ita.

"Ka dai gane abin da aka koyar?" malamin ya tambaya. Ba da gatse ba, so yake ya sani.

"An yi ta zana alwatika."

"Wane iri?"

"Manya."

Malamin ya gyaɗa kai kamar an tabbatar masa da wani abu. "Inda za ni, kowane zango suna tura malami. Shi ke nan dalilin. Ba ni da wani."

"Akwai wani horon wata mai zuwa. Kwana biyar. Fam ɗin yana kan teburina."

"Ba ka cike ba?"

"Na cike da sunana. Da fensir."

"Da biro," in ji mataimakiyar daga bakin ƙofa. Ba su san tun yaushe take tsaye ba. Takardar ajiye aikin tana hannunta. "Amma na yi kwafin fam ɗin kafin ka cike. Kullum ina yi."

Firinsifal ya juya ya dube ta. Ita tana kallon fanka.

"Na riga na ce wa mutanen can Litinin," malamin ya ce. "Ba na son in zama mai magana biyu."

"Na sani. Ban ce ka zauna ba." Firinsifal ya goge goshinsa da tafin hannu. "To, na ce. Ka zauna. Ban iya faɗar abin ba, yau na fara."

Aka kaɗa ƙararrawar darasi na ƙarshe. Hayaniyar yara ta taso daga baranda, kujeru suna ƙara. Malamin ya miƙe kafin ƙararrawar ta yi shiru, hannunsa ya shiga kwalin ya lalubo alli biyu da wata doguwar rula ta katako. Sai da ya kai ƙofa ya tsaya, ya dubi abin da ke hannunsa.

"'Yan ajin ƙarshe ne," ya ce, kamar yana ba da haƙuri. Ya dawo ya ɗaga kwalin ya ɗora wa Firinsifal a cinya. "Riƙe min wannan. Gindinsa ba shi da ƙarfi, kada a ajiye a ƙasa."

Ya fita. Jim kaɗan suka jiyo muryarsa ta taga yana cewa a buɗe shafi na tamanin da uku, wanda bai zo da littafi ba ya matsa kusa da maƙwabcinsa.

Mataimakiyar ta ɗaga takardar. "Yallaɓai, wannan fa? In sa a fayil?"

Firinsifal ya gyara zaman kwalin, ya tallafe gindinsa da hannu biyu. Ya fi yadda ya zata nauyi.

"Minti nawa ne darasin?"

"Arba'in."

"Bari ya fito."