Mufida Ta Kai Ƙarar Kanta

Ranar Lahadi, kasuwar Jibiya na tsaka da ci, Mufida ta sauka daga motar Katsina da jaka ɗaya a kafaɗa. Ba wanda ta gaya wa tana tafe. Shekararta shida tana aiki a hasumiyar wani filin jirgin sama, inda take ba matuƙa izinin tashi da sauka, kuma ba ta taɓa zuwa gida ba sai da Sallah.

Ta iske mahaifinta, Malam Maɗugu, a zaure. Tsohon direban gingimari ne, mutumin Maraɗi, wanda ya yi shekara talatin yana tsallaka iyaka da buhunan gero kafin gwiwa ta zaunar da shi. Yayanta Hussaini na gefe yana gyaran babur. Ta durƙusa ta gaida su.

"Lafiya dai, ɗiyata?" in ji Maɗugu. "Korar ki suka yi?"

"A'a, Baba. An ce in huta har a gama bincike. Ni na kai ƙarar kaina."

Hussaini ya ajiye sifana. "Mi kika yi?"

Ta zauna bakin tabarma ta ba su labari. Ranar Alhamis da hantsi, jirgi ɗaya na son tashi, wani kuma na tafe zai sauka, a titi guda. Mai saukar na da nisan mil takwas, tazarar da ta isa na ƙasa ya tashi ya bar titin fayau. Sai ta ce wa na ƙasan ya hau titi ya jira izini. A daidai nan wayar tebur ta yi ƙara. 'Yan kwana-kwana ne, suna tambaya kan wata motarsu da za ta bi ta bayan fili. Ta amsa, suka sake tambaya, ta sake amsawa.

"Daƙiƙa hamsin kawai, Baba. Da na ɗaga kai, na ƙasa yana nan tsaye da mutum ɗari da ashirin a ciki, ban ba shi izini ba. Na sama kuwa ya sauko da tayoyi, ya matso ƙwarai."

Maɗugu ya gyara zama. "To ki ce ma na ƙasa shi taka wuta mana. Mu haka muke yi in an matse mu a hanya."

"Da na yi haka, da na ɓata. Kafin ya ɗaga, wancan ya iso kansa. In wancan ya fasa sauka ya yi sama, ga wannan yana tasowa ta ƙarƙashinsa, hanya ɗaya, kuma ba mai ganin wani. Sai na ce wa na ƙasa ya tsaya inda yake, kada ya motsa. Na ce wa na sama ya hau ya zagayo. Duk suka amsa. Bayan minti goma sha biyu ya sauka lafiya."

"Muryarki ba ta yi rawa ba?" in ji Maɗugu.

"Ba ta yi ba."

Hussaini ya girgiza kai. "Ba wanda ya mutu, ba wanda ya ƙwarzane. Jirgi ya zagayo, shi ke nan. Da kin yi shiru, wa zai sani?"

"Ana iya rubuta shi a matsayin zagaye na yau da kullum, ya wuce," in ji Mufida. "Amma wayar nan tana nan a gefen kujerar mai kula da titi, Yaya. Gobe wani ne zai zauna a wurin, kuma ƙila shi ba zai ɗaga kai da wuri ba."

"In suka kore ki fa?"

"Ba za su kore ni ba. Duk abin da muka faɗa na'ura na ɗauka. Za su ji inda na yi sakaci, za su ji inda na gyara."

Maɗugu ya dube ta. Ya ce, "Shiga ki gaida uwarki. Ki ce mata hutu kika zo, sauran ni zan yi mata bayani."

Kwana biyu ta yi tana taya mahaifiyarta tankaɗe, tana barci kamar ba ta da wata damuwa. Ranar Talata da la'asar shugabarta, Madam Dabora, ta kira.

"Mun saurari faifan, Mufida. Sakacin naki ne, za mu rubuta haka. Za ki yi kwana uku na bita kafin ki koma kujera."

"Na yarda, Madam."

"Wayar kuma mun mayar da ita teburin mataimaki. Mai kula da titi ba zai ƙara ɗauka ba. Ina so ki tsaya gaban sababbin ma'aikata ki gaya masu yadda abin ya faru, da bakinki. Za ki iya?"

"Zan iya."

Washegari da safe Hussaini ya ɗauke ta a babur zuwa tasha. Suka ratsa layin manyan motoci masu jiran tsallakawa Nijar. Da ta sauka, ya riƙe jakarta bai saki ba.

"Wai har yanzu ba ki jin tsoron kujerar nan?"

"Ina ji, daidai gwargwado," ta ce. "Ba ni jakar, mota ta kusa cika."