Ƙofar Illa

Su takwas suka haɗa hannu suka sayi fili a bayan Zango, duk malaman lakwal, wato makarantar boko, tun wurin babu kowa sai awaki. Inusa, wanda ake kira Mushe, wato malamin lakwal, shi ne ya zana tsarin a ƙasa da tsinke: gida takwas a kewaye, zaure ɗaya na kowa, kowace ƙofa tana duban tsakar fili. Wai don in tsufa ya zo, ko tari mutum ya yi a ji shi.

Tsufan kuwa bai saɓa alkawari ba. Shida suka rasu. 'Ya'yansu, masu ilimi da motoci, kowa ya fasa bangon baya ya buɗe ƙofa ta titi, ya toshe ta ciki. Ƙofa biyu suka rage suna kallon juna, ta Inusa da ta Illa, wanda shanyewar jiki ta kwantar shekara uku. Taku ashirin ne tsakaninsu. Gwiwoyin Inusa sun daina yi masa biyayya, amma kowace hantsi yakan lallaɓa da sanda ya zauna gefen katifar Illa, su yi ta gardamar wanda ɗalibai suka fi tsoro.

Ran Talata ya fito ya tarar da magini yana jera tubali a ƙofar Illa, har ginin ya kai gwiwa. Umaru, ɗan Illa, yana tsaye.

"Umaru, mene ne haka?"

Umaru ya rusuna. "Baba, ka yi haƙuri. Filin nan ya zama kango, kowa shigowa yake. Shekaranjiya an kwance mana tunkiya. Na buɗe ta titi."

"To ni fa?"

"Sai ka zagayo, Baba. Ai gidanka ne."

Zagayen nan gangare ne mai duwatsu, ga kwata a tsakiya, Inusa kuwa ya fi shekara bai wuce zaure ba. Yaron bai yi rashin kunya ba, bai kuma yi ƙarya ba, wannan ne ya fi yi masa ciwo.

Daga can cikin ɗaki muryar Illa ta fito, a lauye.

"Inusa, kai ne? Yau ka makara."

Ashe ba wanda ya gaya masa. Inusa ya dubi Umaru, Umaru ya dubi ƙasa, magini ya ɗora wani tubalin.

"Ina zuwa," in ji Inusa.