Likkafanin Inna Hure

"Riƙe nan," in ji Inna Hure, ta miƙo min bakin farin yadin. Ni kuwa na yi tsaye a ƙofar ɗakinta da kwanon kunun da na kawo mata.

Shekara tara bango ɗaya ya raba mu a unguwar Hindawiyya ta Makka. 'Yar Damagaram ce, ta zo Umra ta maƙale, ba iƙama, wato takardar izinin zama. Yanzu ƙafafunta sun kumbura, ko matakala ba ta iya sauka, balle ta kai kanta wurin hukuma a mayar da ita gida. Yadin na san shi sarai, likkafaninta ne da ta tsoma a Zamzam tun shekarar zuwanta.

Da, in aka tayar da zancen Boko Haram, cewa take, "Rigimarku ce, Zubaidatu. Mu Nijar ba ruwanmu." Ni Bakanuwa abin yana min ciwo, har gaba mun taɓa yi ta kwana biyu. Sai ga shi an kai hari Diffa. Ranar da nake faɗa, rediyon wayarta ya ce majalisar Nijar ta kaɗa ƙuri'a, an yarda sojoji su tsallaka iyaka su shiga Najeriya. Ɗanta tilo, Mahmudu, soja ne.

Ta ninke yadin ta ɗaure da zare. "Hajiya Ɗaso 'yar garinmu ta gama Umra, ran Alhamis za ta koma Damagaram. Ki kai mata, ta san mai kai wa Mahmudu."

"Haba Inna, wa ke aika wa mai rai likkafani?"

"An ce in sun faɗi a daji, da kakinsu ake rufe su. Ni a Makka nake, ba ni rasawa. Halas, magana ta ƙare, ki kai."

Na karɓa, amma ban kai ba. Ƙarƙashin gadona na cusa shi. Gani nake in ya isa hannun yaron, kamar mu muka kira masa mutuwa. Da ta tambaye ni na ce na kai. Ta yi ta sa min albarka har kunya ta kama ni.

Kwana goma sha ɗaya tana kiran lambarsa, ba ta shiga. Ta daina cin abinci, ta daina yi min tsiya. Ran Talata da hantsi na shiga na tarar ta cika, wayar na kan ƙirjinta.

Muna jiran motar da za ta kai ta wurin wanka wayar ta yi ƙara. Mahmudu ne, muryarsa na yankewa. Na faɗa masa. Ya ce, "Gobe muke tsallakawa. Ku yi mata sutura mai kyau, don Allah."

Sai na je na jawo ƙunshin daga ƙarƙashin gado.

A ɗakin wanka muka warware shi. Ashe ta riga ta yanka, ƙyalle uku irin na namiji. Mai wankan ta dube ni, ta ɗauko biyu daga nata ta cika biyar irin na mace.

Inna Hure 'yar ƙaramar mace ce. Da muka naɗe ta, yadin ya zarce ƙafafunta da kamu guda. Na tattaro ragowar, na ninke, na ɗaure.