Jarrabawar Asma

Shekara uku Asma tana hawa bene kowace Asabar wurin Sista Ruksana, 'yar Indiya, amma uwarta Maimuna ba ta taɓa zama ta ga abin da ake koyarwa ba. Ita dai ta san rawar Indiya ce, kuma mata ne zalla. A asibiti ɗaya suke aiki a Madina, Maimuna a ɗakin magani, Ruksana a sashen haihuwa, ga shi gida ɗaya suke haya can bayan unguwar Anbariyya. Da a ce wata ce, da ba ta yarda ba.

Ran nan Ruksana ta tare ta a matakala.

"Ummu Asma, Asabar ɗin nan jarrabawa ce. Daga Laknau, can Indiya, za a duba ta, ta waya. Doka ta hana malama zama a ɗakin. Ke za ki riƙe wayar."

"Jarrabawa? Ta rawa?"

"Har da takardar shaida."

"Mace ce za ta duba?"

"Tsohuwa ce, ta haife mu."

Da hantsin Asabar Maimuna ta hau, ta tarar an naɗe kafet, an tura kujeru jikin bango. Asma, 'yar shekara goma sha uku, ta ɗaure ƙananan ƙararrawa a idon sawu kamar mai akayau. Ruksana ta miƙa wayar ta fita, ta ja ƙofa.

Sai ga fuskar wata tsohuwa mai farin gashi da tabarau. Ta yi magana, Maimuna ba ta tsinci ko kalma ɗaya ba. Asma ta amsa. Uwar ta kalle ta da mamaki. Yarinyar da in an yi mata Hausa sai ta mayar da Larabci, yaushe ta iya wannan yaren?

Maimuna ta zaci za a saki waƙa irin ta fim. Ba waƙa ba kiɗa. Asma ta tsaya cak, tana tafa hannu tana furta waɗansu kalmomi, "ta tai tai tat," kamar mai hadda. Can ta fara buga ƙafa, ƙararrawar na fitar da abin da bakinta ya faɗa.

Tsohuwar ta girgiza kai.

Asma ta juya sau uku ta tsaya, tsohuwar ta sake girgiza kai, ta ce, "Wa! Wa!"

"Asma ce," in ji Maimuna da sauri. "Asma Sulaiman, 'yata."

"Mama!" Asma ta harare ta. "Lahza bas, ɗan dakata."

Aka ci gaba. Da aka zo wani yanki mai tsawo, tsohuwar ta ɗaga hannu ta tsayar da ita. Ta sa ta maimaita. Asma ta maimaita. Ta ce a sake, a hankali, da baki kawai. Sai ta jawo littafi ta fara rubutu. Sau huɗu ke nan, gumi na tsiyaya a wuyan yarinyar. A na biyar tsohuwar ta cire tabarau ta share ido.

"Me kika ɓata?" Maimuna ta tambaya da raɗa.

"Ma adri, Mama, ban sani ba. Wallahi yadda aka koya mini na yi."

Maimuna ta kasa haƙuri. Ta juyo da wayar fuskarta, ta yi wa tsohuwar bayani da Turancin asibiti cewa yarinya ce, ta yi ƙoƙari, in kuskure ne a faɗa mata ta gyara. Tsohuwar ta saurara, tana ta girgiza kai, sannan ta faɗi kalma ɗaya da Maimuna ta gane: "Ruksana."

Shi ke nan, in ji Maimuna a ranta, laifin ya koma kan malama.

Ruksana ta shigo a tsorace. Suka yi ta magana da tsohuwar, muryoyinsu na hawa da sauka, har Ruksana ta zauna a ƙasa ta toshe baki da mayafi. Da aka kashe wayar, Maimuna ta matso kusa da ita.

"Sista, ki faɗa mini gaskiya. Ta faɗi?"

"Wannan yankin, kakata ce ta koya mini a tsakar gida. Na zaci kowa ya san shi. Tsohuwar ta ce rabonta da jin sa shekara arba'in, tun rasuwar malaminta. Rabinsa ta riƙe, ta nemi ragowar ta rasa. Yau ta rubuta shi daga bakin Asma."

"To girgiza kan fa, da 'wa, wa' ɗin nan?"

"Daɗi ta ji."

Maimuna ta dubi 'yarta, wadda ke zaune tana kwance ƙararrawa.

"Wato su can sun manta, sai a Madina?"

"Haka ta ce."

"To ta ci ke nan."

"Ban sani ba," in ji Ruksana. "Ta manta ba ta yi mata sauran tambayoyin ba. Ta ce a sake zama Asabar mai zuwa."

Maimuna ta tuna jadawalin asibiti. Asabar mai zuwa tana da aikin safe. Ta sauka ƙasa ta kira abokiyar aikinta Fatna ta roƙe ta su yi musanya, da Fatna ta tambayi dalili, sai ta ce wallahi sai sun haɗu, don abin ba ya faɗuwa a waya.