Fuskar Malama a Allon Sinima

Maijidda na cikin goge allo ɗalibarta Rakiya ta shigo, ba littafi ba fensir, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Malama, yau ba mai zuwa. Ni ma sallama na zo yi. Maigida ya ce an gan ki a ƙofar sinima."

"Ni? Yaushe?"

"Wai tun jiya kina can."

Shekara biyu Maijidda ta yi tana bin gidajen Tudun Wada tana durƙusa wa mazaje, kafin ta tara mata goma sha ɗaya a ajin Yaƙi da Jahilci. Ta yafa gyale ta fita, alli bai ma bar hannunta ba.

Tun daga nesa ta hango taron. Masu gyaran keke, 'yan dako, har da wani akawu mai laktaye, duk sun saki baki kamar kaji sun ga tsaba. A jikin katangar sinima an jingine katako ya fi mutum tsawo, an zana mace a kishingiɗe, ƙirji a waje, rigar ko ɗankwali ba ta kai ba. Fuskar kuwa tata ce, har wushiryar.

Sabo mai fenti na tsugunne yana wanke buroshi. Maƙwabcinsu ne, mutumin da ko gaisuwa ba ya iya yi mata sai yana kallon ƙasa. Ashe yana kallo.

"Malama, wallahi ba da nufi ba ne. Takardar tallan fim ɗin da nake kwaikwaya ce ta jiƙe a jirgi daga Ikko, fuskar ta lalace. Manaja ya ce in cike da kyakkyawa."

"Jikin fa? Shi ma nawa ne?"

"Shi manaja ya ce in ƙara masa auki. Matar ma minti biyu take fitowa a fim ɗin, sauran duk dawaki ne da bindiga."

Kailani manaja ya fito yana sakace haƙori, ya dube ta sama da ƙasa, ya dubi katakon, kamar mai duba ko tela ya yi aiki daidai.

"Haba Malama, ai girma aka ba ki. Wata ko roƙo ta yi ba ta samu ba."

"A goge yanzu, ko mu haɗu gaban alƙali."

Ya yi dariya, goro ja wur a bakinsa. "Goge mata, Sabo. Wa ke kallon fuska?"

Sabo ya hau benci ya shafe ta da baƙin fenti, daga goshi har haɓa. Maijidda ta juyo ta dubi taron. Ko mutum ɗaya bai gusa ba. Akawun nan ma cewa ya yi ta ɗan matsa, ta tare masa. Ta tofar da yawu ta wuce.

Bayan la'asar ta nufi gidan su Rakiya. Mijin, Malam Nagoda, shi ya fara hana matarsa, sauran suka bi, saboda haka shi za ta fara durƙusa wa. A hanya ta shirya kalmominta tsaf: an goge, a yi haƙuri, a bar mata su dawo, saura kaɗan su iya rubuta wasiƙa.

Ta yi sallama. Rakiya ta leƙo daga ɗaki.

"Malam na ciki?"

"Ya fita, Malama. Ya ce in bai kama layi da wuri ba tikiti zai ƙare." Ta sunkuyar da kai. "Ya ce kuma ko kin zo kada in ba ki tabarma."