Fatar Albasa a Madubin Kawu Ɗahiru

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, Bushira 'yar Malam Rufa'i manomin albasa na Aliero ta gama karatun share fagen jami'a. Sakamakonta ya ba ta damar tsallake aji ɗaya a sashen Bayoloji, ta faɗa aji biyu kai tsaye. Ana cikin murna sai ga Kawu Ɗahiru daga Jega.

Ƙanen mahaifiyarta ne, malamin kimiyya a wata sakandare. Sai da ya shanye furar gidan tas, sannan ya ce, "Bushira, ki soma daga aji guda. Ki ɗauki darussan zangon hwarko duka, har na ɗakin gwaji."

Ran Bushira ya ɓaci. Shekara guda cur za a sace mata! Kuma ai ta san dawan garin. 'Yarsa Amatullahi bana za ta shiga aji ɗaya, yarinyar da ko ruwan zafi aka ce ta dafa sai ya ƙone. Wato ana nema mata mai girki ne da mai taya ta karatu.

"Kawu, mi ya sa sai ni?"

"Taho Jega ran kasuwa, in gwada miki abu guda. In kin ci, tahi aji biyu."

Ta yarda, amma da ya ce za a duba albasa, sai ta zaɓo tata daga buhun babanta ta ƙulle a bakin gyale. Wa ya san abin da aka shirya mata a can?

A ɗakin gwajin makarantar da yake koyarwa ya ajiye mata maikuroskop, madubin nan mai nuna ƙwayoyin halitta, ya koma bakin taga ya harɗe hannu. Ita kuwa ba ta taɓa riƙe irinsa ba. A makarantarsu guda ɗaya ne, yana kulle a kabad sai in an yi baƙi. Su dai malam ya zana a allo, su haddace kamar karatun allo, su zuba a jarrabawa.

Ta ɓare fatar albasa, ta ɗiga ruwa, ta rufe da gilashi. Da ta leƙa sai ga wani abu kewayayye mai baƙin gefe, kyakkyawa. Ta zana shi tsaf, ta sa wa kowane sashe suna, ta miƙa tana hararar Kawu.

Ya leƙa. Bai yi dariya ba, da ma ya yi.

"Ɗiyata, wagga kumfa ta. Iska ta maƙale ƙarƙashin gilashi."

Ya ɗan gusa gilashin, ya murɗa wani maɓalli. Ta sake leƙawa a dole, tana neman inda ya yi mata wayo. Ga ƙwayoyin halittar nan jere reras kamar fangalin albasa a gonar babanta. A makaranta ta sha zana su har ta gaji da zanawa, a cikin albasa ta girma, amma yau ta fara ganinsu. Kunya ta rufe ta.

"Aji guda zan shiga," ta ce a hankali.

Suka biya gidansa cin abinci. Tun daga zaure matar Kawu ta tare ta da fara'a, tana nuna sabon risho da tukunya.

"Ai tun wancan mako munka saye muku, ke da Amatullahi. An ce kin iya tuwo."

Bushira ta juya ta dubi Kawu. Yana can yana ta faman kwance igiyar takalmi, ya ƙi ɗagowa. Zarginta gaskiya ne, kumfar ma gaskiya ce. Ta sunkuya ta ɗauki tukunyar.